Darasi: Yadda Hukuma Ke Karɓar Cikon Harajin Da Ba A Biya Daidai Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan harajin kuɗin shiga ne, musamman abin da ke biyo baya idan mutum ya biya ƙasa da abin da doka ta ɗora masa. Za mu duba yadda hukuma ke gano giɓin, matakan da take bi ta karɓi cikon, da kuma haƙƙin da ke gare ki a kowane mataki.

Wata za ta ce, "Ni ina ruwana da haraji? Ai maganar maza ce." To, da can kam haka abin yake. Harajin da iyayenmu suka sani akasari a kan maza baligai ake yanka shi, dagaci da mai unguwa su bi gida-gida su tara, har zuwa 1979 lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Amma harajin yau ba a kan kai yake ba, a kan abin da mutum ya samu ne, kuma doka ba ta tambaya ko namiji ne ko mace. Malamar makaranta, da nas, da mai sayar da atamfa ta waya, da wadda ta gaji shago tana karɓar haya, duk maganar ta shafe su. Miji da mata ma kowa da lissafinsa, harajin maigida ba ya ɗauke na uwargida.

DOKAR DA AKE AIKI DA ITA

Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4, kuma manyan biyun da suka shafi darasinmu sun fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Harajin ɗaiɗaikun mutane hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da mutum yake zaune ce ke karɓarsa, kamar KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna. Lambar NIN ɗinki ita ce kuma lambarki ta haraji.

Ga yadda ake yanka harajin a kan abin da mutum ya samu a shekara:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira miliyan 2.2 da ke biye: kashi 15 cikin 100.
Naira miliyan 9 da ke biye: kashi 18.
Naira miliyan 13 da ke biye: kashi 21.
Naira miliyan 25 da ke biye: kashi 23.
Abin da ya haura miliyan 50: kashi 25.

Kafin a yi wannan lissafi, ana cire abin da mutum ya zuba a fansho, da asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya. Wanda ke zaman haya kuma ana cire masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya, amma kada ya wuce naira 500,000. Ma'aikacin da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 da aka tsayar a 2024, ba a cire masa haraji a albashin.

TA INA GIƁI YAKE SHIGOWA?

Ba kullum ne rashin gaskiya ke jawo giɓi ba. Sau da yawa rashin sani ne, ko kuskuren wani. Ga hanyoyi uku da suka fi yawa.

Ta farko, albashi da sana'a a haɗe. A ce wata malama ce, bayan an cire fansho da sauransu albashinta na shekara ya kama naira 1,800,000. Wurin aiki zai cire mata naira 150,000 a shekara, wato kashi 15 na miliyan ɗayan da ya haura 800,000. Ita a ganinta ta gama da haraji. Amma kuma tana sarin atamfa da leshi, inda ta ci ribar naira 1,500,000 a shekarar, ga hayar shago naira 300,000. Doka haɗa su take yi gaba ɗaya, su zama naira 3,600,000. Harajin wannan shi ne 330,000 a kan miliyan 2.2, sai 108,000 a kan ragowar 600,000, jimla naira 438,000. An riga an cire 150,000, ke nan saura naira 288,000 a kanta, ita kuwa ba ta ma sani ba.

Ta biyu, aiki a wuri biyu. Kamar nas ɗin da ke asibitin gwamnati da safe, da yamma kuma tana wani asibitin kuɗi. Kowane wuri zai bar mata 800,000 na farko ba haraji, alhali sau ɗaya doka ta ba ta wannan rangwame. Wannan kaɗai ya isa ya bar giɓin aƙalla naira 120,000 a shekara.

Ta uku, kuskuren wurin aiki. Ko dai akanta ya cire ƙasa da abin da ya kamata, ko kuma an cire daidai amma ba a kai wa hukuma ba. Doka ta ce abin da aka cire a albashin wata a miƙa shi zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. A nan wurin aikin hukuma take fara kamawa, kuma wanda ya ƙi cirewa akwai tarar kashi 40 cikin 100 na abin da bai cire ba. Sai dai ki sani, idan cirewar ce ba ta cika ba, sau da yawa wurin aiki kan dawo ya zare cikon daga albashinki na gaba. Idan kuwa an cire ba a kai ba, bashin nasu ne, kuma takardar albashinki ta wata-wata ita ce shaidarki. Kada ki bari yara su yi wasa da ita, ko a ƙunshe ƙosai a ciki.

YAYA HUKUMA KE GANEWA?

Kowace shekara zuwa 31 ga Janairu, wuraren aiki suna miƙa wa hukuma sunayen ma'aikatansu da abin da suka biya kowa. Shi kuma mutum, zuwa 31 ga Maris, doka ta ce ya cike takardar bayanin duk abin da ya samu a shekarar da ta wuce, ko da ana cire masa a albashi. Hukuma sai ta gwada wannan da wancan. Bankuna ma suna ba da rahoton asusun da manyan kuɗi ke ratsawa. Haka nan kamfanin da ya kama hayar gidanki yakan cire kashi 10 cikin 100 ya kai wa hukuma da sunanki, ta nan sai a san kina da haya.

Wata hanyar kuma mutum da ƙafarsa yake kai kansa. Ranar da kika je neman takardar shaidar biyan haraji, saboda takardar mallakar fili ko kwangila ko tsayawa takara, sai an duba shekaru 3 da suka wuce kafin a ba ki.

Hukuma tana da ikon komawa baya har shekara 6 ta sake lissafi. Idan kuwa an tabbatar da gangan aka ɓoye gaskiya, wannan iyaka ba ta aiki. Shekarun 2025 zuwa baya da tsohuwar doka ake lissafa su, wadda harajinta ya fara daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24.

MATAKAN KARƁAR CIKO

Abin da ya kamata ki riƙe da kyau shi ne, hukuma ba ta farawa da ƙwace. Hawa-hawa abin yake, kuma a kowane hawa akwai ƙofar fita, sai dai kowace ƙofa da lokacin rufe ta.

Mataki na 1: Tambaya da bincike. Za a rubuto a nemi bayani, ko a ce ki kawo takardun banki da littafin ciniki. Nan ne wuri mafi sauƙi na kashe magana. Wadda ta je da takardunta ta yi bayani, sau da yawa a nan zancen yake ƙarewa, ko a daidaita a kan adadi na gaskiya.

Mataki na 2: Takardar yanka haraji. Idan hukuma ta gamsu akwai giɓi, za ta aiko da takarda mai ɗauke da shekarar da ake magana a kai da adadin da ake bin ki. Idan ba ki ba da bayani ba tun farko, doka ta ba jami'i dama ya yi ƙiyasi da iyakar fahimtarsa. Shi kuwa ƙiyasi ba ya tausayi. Jami'in da ya ga naira miliyan 6 sun shiga asusun mai atamfa bai san miliyan 4.5 uwar kuɗi ce da ta koma Kantin Kwari ba, sai in an nuna masa.

Mataki na 3: Kwana 30. Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Daga ranar da takardar ta iso hannunki, kina da kwana 30 ki yi ɗayan biyu: ko ki biya, ko ki rubuta takardar ƙin amincewa. Ba a baki ake yi ba, ba kuma ta hanyar aika ɗan'uwan maigida da ya san wani a ofis ba. A rubuce ake yi. Ki faɗi daidai inda kika ga kuskure, da dalilinki, da adadin da kika yarda ana bin ki, ki haɗa da shaida. Abin da kika yarda da shi ki biya, a ci gaba da magana a kan sauran. Ki riƙe kofe guda da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Sabuwar doka ta ba hukuma kwana 90 ta amsa, in ba ta amsa ba a ɗauka an karɓi ƙorafinki.

Idan kuwa kwana 30 suka wuce kika yi shiru, adadin nan ya zauna daram, ko da ƙiyasi ne, ko da kuskure ne. Ya tashi daga zargi ya koma bashi. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, to a wajen hukumar haraji ma'anarsa kin yarda.

Mataki na 4: Kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Idan hukuma ta ƙi sauya lissafinta kuma ba ki gamsu ba, kina da wasu kwana 30 ki kai ƙara kotun musamman ta haraji. Ta shiyyar arewa maso yamma tana Kaduna, ta arewa maso gabas tana Bauchi, ta arewa ta tsakiya kuma tana Jos. Bayan ita akwai manyan kotuna. Haka kuma dokokin 2025 sun kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji, inda za ki kai kuka kyauta idan jami'i ya wulaƙanta ki ko ya tauye miki haƙƙi.

Mataki na 5: Tara da kuɗin ruwa. Harajin da lokacin biyansa ya wuce ana ɗora masa tarar kashi 10 cikin 100. Malamar nan tamu mai giɓin 288,000 za a ƙara mata 28,800, su zama 316,800. Bayan wannan akwai kuɗin ruwa da ke bin ma'aunin Babban Bankin Nijeriya, yana ta hauhawa har ranar da aka biya. Ita kuma takardar bayanin shekara, rashin cike ta tararsa daban: naira 100,000 a watan farko, sai 50,000 a kowane wata da ya biyo. Mu da muke gudun duk abin da ruwa ya shiga, wannan kaɗai ya ishe mu dalilin biya a kan kari.

Mataki na 6: Karɓa ta hannun wani. Idan bashi ya tabbata, an aiko da takardar neman biya, mutum ya yi kunnen uwar shegu, doka ta ba hukuma iko ta umarci duk wanda ke riƙe da kuɗinsa ya miƙa mata. Wannan ya haɗa da banki, da wurin aiki, da ɗan haya, da wanda mutum ke bi bashi. Sashe na 60 na sabuwar dokar gudanar da haraji ne ya tanadi haka, kuma a watan Janairun 2026 hukumar haraji ta jihar Legas ta fitar da sanarwa cewa za ta yi aiki da shi. Ki lura, wannan ba ya nufin ana iya wayar gari kawai a kwashe kuɗin mutum. Sai bayan matakan da muka lissafa sun wuce, bashin ya tabbata.

Mataki na 7: Kama kaya da gurfanarwa. Wannan shi ne na ƙarshe. Ana iya kama kayan mutum ko a rufe wurin sana'arsa. Kayan da aka kama ana riƙe su kwana 14, in ba a biya ba a sayar, a ɗauki bashi da kuɗin ɗawainiya, a mayar wa mai kaya ragowar. Gida ko fili kuwa ba a sayarwa sai da umarnin babbar kotu. Hukuma tana kuma iya kai mutum kotu kamar yadda ake kai duk wanda ake bi bashi, wanda kuma ya yi ƙarya da gangan yana iya fuskantar tuhumar laifi.

ABIN DA YA FI SHAFARMU MATA

Asusun banki. Da yawa daga cikinmu asusu ɗaya gare mu, komai a ciki yake faɗawa: albashi, cinikin kaya, kuɗin cefane daga maigida, zubin adashi, gudummawar biki, har da ajiyar ƙanwa. A doka ba duk kuɗin da ya shiga asusu ne kuɗin shiga ba. Kyauta ba a biyan haraji a kanta, haka bashin da kika ci, haka ajiya, haka kuɗin adashin da kike riƙe wa mutane. Amma fa ke ce za ki nuna hakan. Uwar adashin da mata 20 ke zuba wa naira 20,000 kowane wata, naira miliyan 4.8 ke ratsa asusunta a shekara, ba kuma nata ba ne. Littafin zubi mai sunaye da kwanan wata shi zai fitar da ita. In da hali, ki ware asusun sana'a daban da na gida.

Aron suna. Yakan faru maigida ko wani ɗan'uwa ya ce a ba shi lambar asusunki abokan cinikinsa su riƙa turo kuɗi, ko a yi rajistar kasuwanci da sunanki. Ba a ce ki ƙi taimakon mijinki ba. Amma ki fahimtar da shi cikin ladabi cewa sunan da ke kan asusu shi hukuma ta sani, kuma ranar da takarda za ta zo, sunanki za ta ɗauko. Ku zauna ku rubuta abin da yake nasa da abin da yake naki. Wannan kariya ce gare ku duka biyu.

Rasuwar maigida. Harajin da ake bin mamaci ba ya faɗuwa saboda ya rasu, daga dukiyar da ya bari ake nemansa. Mun riga mun san ana fitar da bashi kafin rabon gado. Saboda haka idan marigayi ɗan kasuwa ne ko mai gidajen haya, ya kamata masu kula da dukiyar su bincika wannan ɓangare tun kafin a raba, kada takarda ta zo bayan kowa ya kama rabonsa, a bar marayu da uwarsu da jidali.

Zakka. Wasu kan ɗauka wanda ya fitar da zakka ya gama. Zakka haƙƙin Allah ce da wuraren da ake kai ta, hukumar haraji kuwa ba ta lissafa ta a cikin abin da kika biya.

IDAN TAKARDA TA ZO, ME ZA KI YI?

1. Rubuta ranar da ta iso a bayanta, ki ƙirga kwana 30. Kada ki tura ta ƙarƙashin katifa saboda tsoro. Ki gaya wa yara da masu aikin gida duk takardar da aka kawo a ba ki a ranar.

2. Tabbatar ta gaskiya ce. 'Yan damfara sun shiga wannan harka, suna kira ko turo saƙo suna barazanar rufe asusu. Ki je ofishin hukumar da kanki, ko ki tura wanda kika amince da shi. Kada ki ba kowa lambar sirrin katinki.

3. Duba sunan, da shekarar, da lissafin. An cire miki fansho da rangwamen haya? An lissafa abin da wurin aiki ya riga ya cire? An lissafa kashi 10 da kamfanin da ke haya ya cire? Riba aka yanka wa haraji ko dukkan ciniki?

4. Nemi wanda ya san aikin, akanta ko lauya, in adadin yana da yawa. A cikin ƙungiyarmu ma ba a rasa 'yan'uwa masu wannan ilimi.

5. In bashin gaskiya ne amma ba ki da halin biya gaba ɗaya, ki rubuta ki nemi a ba ki dama ki biya kashi-kashi. Wadda ta zo da kanta ta fi samun sauƙi a kan wadda aka nemo.

6. Biya ta banki, cikin asusun gwamnati, ki karɓi rasit. Kada ki damƙa wa jami'i kuɗi a hannu don ya "kashe maganar". Cin hanci ne, sannan bashin yana nan a rubuce, gobe wani jami'in zai tayar da shi.

7. Adana takardunki na shekara 6: takardun albashi, rasit, yarjejeniyar haya da littafin ciniki. Littafin ba sai mai tsada ba. Na 'yan makaranta ma ya isa, shafi ɗaya abin da kika saro, ɗaya abin da kika sayar, da kuɗin mota da na dako.

Rigakafi dai ya fi magani. Wadda ta cike takardar bayaninta kafin 31 ga Maris, ta faɗi albashi da riba da haya, ta biya cikon da kanta, ta huta da tara, ta huta da ruwa, ta huta da zaryar ofis. Wadda kuma duk abin da take samu a shekara bai kai naira 800,000 ba, ta kwantar da hankalinta, ba a bin ta komai, sai dai ta riƙe shaidar da za ta nuna hakan.

TAMBAYOYI DOMIN BITA A TARON RESHE

1. Kwana nawa mutum yake da su ya ƙi amincewa da takardar yanka haraji, kuma me zai faru idan ya yi shiru?

2. Wata ma'aikaciya albashinta bayan cire-cire naira 1,200,000 ne a shekara, kuma tana cin ribar naira 600,000 a ɗinki. Nawa wurin aiki zai cire mata, nawa ne kuma cikon da ya rage a kanta?

3. Kawo kuɗi iri uku da kan shiga asusun mace waɗanda ba a biyan haraji a kansu, da shaidar da za ta nuna a kan kowanne.

4. Idan wurin aiki ya cire haraji bai kai wa hukuma ba, wa ake bi bashin?

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan darasi ga 'yan'uwan da ba su samu damar karatun boko ba, musamman masu sana'a a cikin gida da iyayen adashi. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya raba mu da bashin da ba mu san da shi ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.